Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sharhi a Kan Hotunan Ƙasa na Farko da Siyasar Safiyo a Yankin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

1.0 GABATARWA

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan karin magana ita ce jarin mai ɗaukar hoto, domin da zarar ya miƙa wa mutum takarda mai ɗauke da surar wani wuri, sai gardama ta ƙare, a ce ai ga shi nan an gani da ido. Manufar wannan takarda ita ce ta ja da wannan magana a fage guda, watau fagen hotunan ƙasa waɗanda Turawan mulkin mallaka suka ɗauka a Nijeriya ta Arewa a farkon ƙarni na 20. Abin nufi da hoton ƙasa shi ne hoton da aka ɗauka domin a nuna shimfiɗar wuri, da duwatsunsa da gulabensa da itatuwansa, ba tare da an damu da fuskar wani mutum ba.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, irin wannan hoto abokin tafiyar taswira ne, kuma aikinsu ɗaya. Shi ne ya taimaka aka mai da ƙasa mai masu ita, mai tarihi, ta koma "daji" a idon hukuma, daji kuwa a wurin hukuma abu ne wanda ba shi da mai shi. Za a fara da bayanin yadda kyamara ta haɗu da safiyo, watau aikin awon ƙasa, sa'an nan a komo yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu domin a gwada abin da idon kyamara ke iya gani da abin da yake tsallakewa.

2.0 YADDA KYAMARA TA SHIGA AYARIN 'YAN SAFIYO

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris. Ba a cika shekara ashirin ba sai da rundunar injiniyoyin sojan Ingila ta shigar da ita cikin darussan makarantarta da ke Chatham. Waɗannan injiniyoyi su ne 'yan safiyon daular Ingila. Sun ɗauki kyamara sa'ad da suka je shata iyakar Amurka da yankin Ingila na yammacin Kanada tsakanin 1858 da 1862, sun kuma ɗauke ta sa'ad da suka auna birnin Ƙudus a 1864 da 1865.

A Amurka abin ya fi fitowa fili. A 1867 gwamnati ta tura Clarence King ya auna ƙasashen yamma inda hanyar jirgin ƙasa za ta ratsa, aka haɗa shi da mai ɗaukar hoto Timothy O'Sullivan. A 1871 kuma William Henry Jackson ya bi ayarin Ferdinand Hayden zuwa Yellowstone. Hotunan da ya komo da su suna cikin abubuwan da aka nuna wa 'yan majalisa, kuma a watan Maris na 1872 aka zartar da dokar keɓe wurin. Hotunan sun nuna duwatsu da maɓuɓɓugan ruwan zafi, ba kowa a ciki, alhali kuwa Shoshone da wasu ƙabilu sun daɗe suna farauta da zirga-zirga a nan. Mu kanmu mun gaji wannan ido ba mu sani ba, tun da har yanzu akwai masu kiran waɗannan mutane "Indiyawan daji".

Darasin da za a ɗauka a nan shi ne, mai biyan kuɗin hoton shi ne mai biyan kuɗin awon, kuma shi ne mai niyyar mallakar ƙasar.

3.0 YANKIN GUSAU KAFIN ZUWAN TURAWA

A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Daga yamma ga cibiyar Daular Usmaniyya a Sakkwato, daga gabas ga Katsina, daga arewa kuwa ga Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, waɗanda ba su miƙa wuya ga jihadi ba, suka yi shekaru suna kawo hari kudu. Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a farkon ƙarnin, a bakin Gulbin Sakkwato, kuma sarautar garin ita ce Sarkin Katsinan Gusau. Akwai lokacin da tsananin hare-hare ya sa mutanen Gusau suka ƙaura zuwa Rawayya, daga baya suka komo. Bunguɗu, wurin Sarkin Fulani, tana yamma da Gusau a kan hanyar Sakkwato. Tsafe tana kudu maso gabas, kuma sarkinta yana riƙe da sunan 'Yandoto, watau tsohon birnin malamai da ke tsakanin Tsafe da Gusau, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon shekarun jihadi. A tsakiyar waɗannan garuruwa ga dutsen Kwatarkwashi, wanda ya zame wa mutanensa garkuwa.

A irin wannan zama mutane kan tattaru cikin ganuwa ko a gindin dutse, su yi noma iyakar inda za su iya komowa gida kafin mahara su cim musu. Filin da ke tsakanin gari da gari sai ya cika da itatuwa. Amma cikarsa da itatuwa bai fitar da shi daga hannun kowa ba. Akwai saura, wadda aka bari ta huta, kowa kuma ya san gidan da ke da ita. Akwai hurumin gari, da makiyaya, da burtali, da mashaya, da zangon fatake. Akwai kufai, inda kaburburan kakanni suke. Akwai ɗorawa da kaɗanya waɗanda aka san mai ikon tsinkar 'ya'yansu. Wani dajin ma da gangan aka bar shi, domin ya zama shinge tsakanin gari da abokan gaba. Kalmar daji a bakin Bazamfare tana da rassa da yawa, kowane reshe da hukuncinsa.

4.0 LAYIN TAKARDA DA MASU AUNA SHI

Tun kafin Turawa su mallaki ƙasar nan sun riga sun raba ta a takarda. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi. A watan Yuni na 1898 suka sāke shiri a Faris, suka kafa tsinin abin zana da'ira a tsakiyar birnin Sakkwato, suka zagayo da baka mai nisan mil 100 ta arewa. A lokacin nan Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gadonsa, kuma babu sojan Ingila ko ɗaya a birnin.

Layin takarda yana bukatar mai dasa shi a ƙasa. Saboda haka aka naɗa hukumar haɗin gwiwa wadda ta yi aiki tsakanin 1902 da 1904, Laftanar Kanar Elliot yana shugabantar ɓangaren Ingila, Kyaftin Moll yana shugabantar na Faransa. Ɗaya daga cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa wa Landan na gaggauta yaƙi shi ne, wai 'yan safiyon nan ba za su sami amincin aiki ba matuƙar Kano da Sakkwato suna da ikon kansu. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen watan, a kusa da Kwatarkwashi, sojan Turawa suka yi karo da rundunar Kanawa da ke komowa daga Sakkwato, Wazirin Kano Ahmadu ya rasu a fagen. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris.

A cikin mataimakan Elliot akwai wani injiniyan soja, Charles Foulkes, wanda tarihinsa kaɗai ya isa hujja. A yaƙin Afirka ta Kudu aikinsa shi ne leƙen asirin abokan gaba ta hanyar ɗaukar hoto. Daga nan ya zo awon iyakarmu, ya kuma shiga yaƙin 1903. A yaƙin duniya na farko shi ne aka danƙa wa rundunar Ingila mai harba iskar guba. Hannun da ya riƙe kyamara shi ya riƙe ma'auni, shi kuma ya riƙe bindiga.

Faransawa sun yi ƙorafi cewa bakan nan na mil 100 ya tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin hamada inda babu rijiyoyi. Aka gyara layin a 1904, aka sāke gyarawa a 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi shi tsakanin 1906 da 1908 suka kafa turaku 148 daga Kwara zuwa Cadi. Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa. Ko da yake layin bai ratsa ta Gusau ba, ya canja matsayinta ƙwarai, domin da hare-haren arewa suka ƙare, yankin da yake bakin daga jiya sai ya zama fili mai jiran a auna shi, a ƙidaya shi, a aza masa haraji.

5.0 SHARHI A KAN HOTON KANSA

Wanda ya buɗe littattafan wannan zamani, kamar na Boyd Alexander na 1907, ko na J. D. Falconer na 1911, wanda ya shugabanci binciken ma'adinan Nijeriya ta Arewa, ko rahotannin Tilho da aka fara bugawa a Faris a 1910, zai tarar da hoto iri uku. Akwai na sarki da fadawansa, akwai na kasuwa da ƙofar gari, akwai kuma na ƙasa. Wannan na uku shi ne abin sharhinmu, kuma za a duba shi ta fuska huɗu. Domin magana ta zauna, mu ɗauka cewa mai hoton yana tsaye a kan dutsen Kwatarkwashi.

5.1 Matsayi

Ɗan safiyo yana hawa dutse ne domin daga can yake hango wani dutsen, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu. Inda ya kafa ma'auninsa nan yake kafa kyamararsa. Daga wannan tsayi gona da saura da makiyaya duk sukan narke su zama shimfiɗa guda. Kunya ba ta fitowa, balle iyakar gona wadda aka yi da gamba ko aduruku. Manomi yana sanin ƙasa da tafin ƙafarsa, makiyayi yana saninta da nisan da ke tsakanin mashaya da mashaya. Hoton kan dutse ba ya ɗauke da ɗayan biyun. Ganin mai neman inda zai bi da runduna ne, ko inda zai shimfiɗa dogo.

5.2 Lokaci

Yawancin tafiye-tafiyen yaƙi da na awo da rani ake yin su, sa'ad da gulabe suka janye, hanya ta bushe. A wannan lokaci an girbe gero da dawa, an kwashe kara, shanu sun gangara fadamu ko sun yi kudu, samari da yawa sun tafi cin rani. Gonar da ta ciyar da gida goma da damina, a watan Fabrairu ba ta da bambanci da fako a cikin hoto. Daɗin daɗawa, gilasan ɗaukar hoto na lokacin sun fi jin shuɗin haske, saboda haka sama kan fito fari fat, ganye kuwa ya yi duhu. Abin da mai kallo a Landan ya gani shi ne ƙasa mai ƙuna wadda ba a taɓa sa mata fartanya ba.

5.3 Rashin mutane

Akan ba masu hoton farko uzuri cewa kyamararsu tana da nawa, duk abin da ya motsa ba ya fitowa. Wannan uzuri yana da ƙarfi a zamanin O'Sullivan, sa'ad da ake jiƙa gilashi da magani a cikin tanti kafin kowace ɗauka. Amma kafin 1903 an sami busasshen gilashi mai sauri, kuma Kodak tana kasuwa tun 1888. Turawan da suka iya ɗaukar hoton kasuwa cike da jama'a ba su rasa ikon ɗaukar manomi a gonarsa ba. In mutum ya fito a hoton ƙasa, galibi ɗan dako ne ko soja da aka tsayar a gindin dutse domin a gane girman dutsen. Watau an mai da shi sandar awo. Ga kuma gaskiyar da ba a rubuta a ƙarƙashin hoto: mutanen ƙauye kan watse in sun ji tahowar ayari mai bindigogi da ke neman hatsi da 'yan dako. Wani lokaci zuwan mai hoton ne ya kore mutanen da ya ce bai gani ba.

5.4 Suna

Hoto ba ya magana sai an rubuta masa layi a ƙasa, kuma wannan layi shi ke gaya wa mai kallo abin da ya gani. In aka rubuta "daji" ko "dutsen ƙanƙara", zance ya ƙare. Mu ɗauki kufan tsohuwar 'Yandoto. Bahaushe in ya ga kukoki sun yi cincirindo wuri guda, ga tudun rusasshiyar ganuwa, ga ramukan marina, ya san gari ne ya kwanta a nan. In ɗan yankin ne ma ya san sunan garin, da malamansa, da inda zuriyarsu ta watsu. Kyamara za ta ɗauki kukokin da kyau, amma sunan ba zai shiga gilashi ba. Hangen Dala ke nan, wanda ba shiga birni ba.

6.0 DAGA HOTO ZUWA DOKA

Ba a cewa hoto shi ya ƙwace ƙasa. Abin da ake cewa shi ne ya gyara wa doka hanya, domin ya sa mai karatu a Ingila ya yarda akwai sarari mai yawa wanda ba na kowa ba. A jawabinsa na Sakkwato a watan Maris na 1903 Lugga ya bayyana cewa ikon da sarakuna suka samu da yaƙi, har da ikon ƙasa, ya koma hannun Ingila ta hanyar yaƙi. Wanda ya gaje shi, Gwamna Girouard, injiniyan soja ne mai aikin dogo. A zamaninsa aka kafa kwamitin ƙasa na 1908, wanda ya haifi dokar 1910 da ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe da ita amana domin 'yan ƙasa. Wannan ra'ayi ya wuce cikin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, sa'an nan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka.

Awo ya bi doka. A wasu larduna, musamman Kano, aka fito da malaman taki masu auna gonaki da ƙafa domin a yanka haraji. Dokar gandun daji ta 1916 ta ba da ikon keɓe dazuzzuka, kuma a 1919 aka keɓe gandun dajin Zamfara a arewa da Gusau, aka bar 'yan ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle a ciki kamar tsibirai, aka zana musu iyakar noma. Dogo ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau ya wuce Ƙauran Namoda a 1929, domin kwasar auduga da gyaɗa. Daga 1946 kuma hukumar safiyon ƙasashen mallaka ta Ingila ta koma zana taswira daga hotunan da jiragen sama ke ɗauka. Idon da ya fara daga kan dutse ya ƙara nisa da ƙasa.

Abin lura a cikin wannan duka shi ne, haƙƙin da ke da alama tsayayya, kamar gida da gonar da ake nomawa bana, shi ya fi samun shiga takarda. Haƙƙin da ke tafiya da lokaci, kamar saura da burtali da kiwon rani da tsintar kaɗe, shi ya fi zubewa. An yi dokar makiyaya a 1965, amma wuraren da aka tabbatar a takarda kaɗan ne, kuma an ci gaba da yanka gonaki a cikin makiyaya da burtali. Rikicin da ya addabi Jihar Zamfara tun daga wajen 2011 yana da dalilai masu yawa, akwai talauci, da yaɗuwar makamai, da haƙar zinariya, da raunin shari'a. Amma duk wanda ya zauna sulhu tsakanin manomi da makiyayi ya san tambayar da ake komawa gare ta kullum ita ce, wannan fili na wane ne, kuma ina shaida? Takardar da za a ɗauko ta gaji makantar idon farko.

7.0 AMFANIN DA YA RAGE

Adalci ya wajaba a sharhi. Waɗannan hotuna da rahotanni suna da daraja, kuma ba hikima ba ce a yi watsi da su don ƙin masu su. Ayarin Tilho ya tafi da tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin sarautun Maraɗi da Gobir da maƙwabtansu, kuma masana na amfani da shi har yau, ko da yake an tattara shi ne domin a san garin da zai faɗa wa wace daula. Haka nan kyamara takan ɗauki abin da mai ita bai nufa ba. Ɗorawa da gawo da suka tsaya daidai-wa-daida a fili shaidar gona ce, domin manomi ne ya sare sauran ya bar su. Farin layi mai faɗi da ya nufi gulbi yana iya zama burtali. Hotunan sama na tsakiyar ƙarnin jiya suna iya nuna inda makiyaya take kafin a cinye ta.

Sharaɗin shi ne a karanta hoto tare da masu ƙasar. Ya kamata sassan tarihi da na labarin ƙasa da na Hausa a jami'o'inmu, musamman Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su nemo kofen waɗannan hotuna daga ma'ajiyar Kaduna da ta Landan da ta Faris, su kai su Tsafe da Kwatarkwashi da Bunguɗu, su shimfiɗa su gaban sarakunan noma da arɗo-arɗo da tsofaffin mata masu tsintar kaɗe, a tambaye su sunan kowane dutse da kowace fadama, da wanda ke da iko da ita a wane wata. Wannan aiki yana da gaggawa, domin dattawan suna ƙarewa, ƙauyuka da yawa kuma sun tashi saboda rashin tsaro, sun zama sababbin kufai.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta nuna cewa hoton ƙasa ya iso mana a cikin kayan 'yan safiyo, safiyo kuma ya iso tare da yaƙi. Ta nuna yadda matsayin mai ɗauka, da lokacin ɗauka, da fitar da mutane, da sunan da aka rubuta, suka haɗu suka mai da yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ire-irensa fili wanda hukuma ke iya rabawa yadda ta so. Yau ana auna ƙasa da tauraron ɗan Adam, ana ba da takardar mallaka daga kwamfuta, kuma wanda ya kalli ƙauyen da mutanensa suka gudu zai ga daji ne kawai, kamar yadda na kan dutse ya gani a 1903. Saboda haka a sha'anin ƙasa bai kamata a bar gani ya kori ji ba. A duba hoton, sa'an nan a sauko a tambayi mutanen wurin.